Gangunan Baba Sule

Kwanan baya wasu samari suka tsaya a bakin shagona suna jiran a gama yi wa babur ɗinsu faci. Ɗaya ya leƙo, ya gan ni ina lallaɓar wani noti da ya yi tsatsa, ya ce wa abokinsa, "Wai wannan ma sana'a ce? Ɗaure noti da kwance noti?" Ya ɗauka tsufa ya cinye mini kunne, alhali ras na ji shi. Na daina ɓata yawuna a bakin titi, amma maganar ta tsaya mini a rai. To ku masu ganin abin wasa ne, in kun ga dama ku saurara, in ba ku ga dama ba ma sai na faɗa.

Sunana Bukar, a Koki aka haife ni. Gidanmu gidan allo ne, kakanninmu daga Barno suka zo da alƙalaminsu da tawadarsu. Na yi sauka kamar kowa, kada wani ya ce gudun karatu na yi, hannuna ne dai ya fi son ƙarfe. Aka kai ni Sabon Gari wajen wani Bayarabe, Oga Lasisi, mai gyaran keken ɗinki. Abin da mahaifina bai sani ba shi ne, makaɗan kulob-kulob ma wajen Lasisi suke kai kayansu. Ranar da labari ya kai masa, ya ce kada in kuskura in shigo masa da ganga zaure. Ban shigo da ita ba. Da na gama koyon aiki na samu 'yanci sai na kama shago a tsallaken titi, daidai inda duk wanda ya fito daga zauren sai ya gan ni.

Gangunan da nake nufi ba kalangu ba ne, ba kotso ba ne. Irin na badujala ne, waɗanda mutum ɗaya ke zama a tsakiyarsu: babba a ƙasa ana dukan ta da feda, ƙarama mai tsaki tsakanin gwiwoyi, wasu a sama, ga farantan tagulla a gefe. Ni ban iya kiɗa ba ko na sisin kwabo, ƙarafansu nake gyarawa. Kowace ganga tana da zoben da ke danne fata, da dogayen notina masu jan zoben, da wasu 'yan ƙarafa manne a jikinta inda notin ke shiga. Waɗannan su muke kira kunnuwa. Kunne ɗaya ya karye, gangar ta karkace murya, duk gwanintar makaɗi sai dai ya ji kunya.

Aikin farko da Lasisi ya ba ni wankin noti ne a gwangwanin kananzir, kuma shi na yi ta yi har hannuwana suka yi saɓa. Duk lokacin da na kai hannu ga sifana sai ya buge ni da tsumma, ya ce, "Bukari, ajiye! Yatsa tukuna." Dalili kuwa, tsofaffin gangunan Ingila haƙorin notinsu daban yake da na notin kasuwa, kuma ido ba ya raba su. Ka sa na kasuwa sai ya ɗan shiga kamar abin arziki, sannan ya cije. Yatsa yana jin cijewar nan ya tsaya. Sifana ba ta ji, sai ta murje haƙorin kunnen gaba ɗaya, ga shi ba shagon da za ka je ka sayo wani. Da Lasisi zai koma garinsu ya bar mini ƙarafan yanka irin wancan haƙori, su da magagarai da filaya da 'yar gudumar katako. Da su nake aiki har gobe.

Masu kawo mini aiki sun haɗa da makaɗan coci, da na otal, da malaman makarantu masu badujalar fareti. Babban abokin gabata kuwa mai walda ne. A garin nan duk abin da ya karye, walda ake fara kai shi, ko da cokali ne. Kunnen ganga kuma ƙarfen zubi ne, in ya tsufa cikinsa kamar ƙuli-ƙuli yake zama. Mai walda ya ɗora masa wuta ya narke ya zama dunƙule, sannan a kwaso mini a leda ana cewa, "Malam, a taimaka." Na sha korar mutane a kan haka, su je su huce, in huce, sannan mu yi magana.

Feda ce ta haɗa ni da Baba Sule. Dogo ne siriri, Bafulatani, ya yi badujala a aikin ɗan sanda, da ya bar aiki ya shiga kiɗa a kulob. Ya shigo shagona da fedar naɗe a ɗankwali, sifirin ɗinta ya tsinke. Na gwada na keken ɗinki ya yi laushi, na gwada na birkin babur ya yi tauri, sai da na rage masa zagaye na sake murɗa masa ƙugiya sannan ya zauna. Ya taka, ya sake takawa, ya dube ni ya ce, "Ashe Babarbare yana da amfani. Daga yau kai bawana ne." Na ce, "Baba, bari ka ga kuɗin aiki, sannan mu san waye bawan wani." Da na je na ga gangunan kansu sai da na jinjina kai. Jajaye ne masu ƙyalli, tun na zamanin Turawa, wani Bature ne ya sayar masa da zai tafi gida. Ban taɓa ganin aikin ƙarfe mai tsabta irin nasu ba, kuma tun daga ranar ba wanda ya ƙara taɓa notinsu sai ni.

Shekarun ƙarshe na mulkin soja su ne suka kusa kashe sana'ar nan. Babu mai, babu wuta, kowa yana ta kansa, wa zai fita sauraron kiɗa? Ana cikin haka fiyano ta shigo gari, akwati ɗaya da ganga a cikinta, a danna maɓalli ta yi ta buga kanta ba gajiya. Makaɗa suka watse, wasu suka koma garuruwansu. Da idona na ga 'yan gwangwan sun turo kura cike da zobba da kunnuwan da na sha gyarawa, za a kai wa masu zubin tukwane. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, ko abinci ban iya ci ba. Na koma gyaran risho da kwaɗon ƙofa, ban kuma ji kunyar hakan ba. Yayana Goni ya ce tunda Allah ya raba ni da abin, in sauke allon da na rubuta Mai Gyaran Ganguna. Na sayo fenti na sake ja wa rubutun layi.

A lokacin Baba Sule ya tsufa, matarsa ta rasu, yana zaune a gidan ɗansa Alhaji Ɗanlami a Kabuga. Ɗanlami ɗan kasuwar atamfa ne, mutumin kirki, yana ci da uban yana sha da shi. Amma gangunan sun tsone masa ido. Sun cinye masa ɗakin da yake so ya zuba diloli, sannan ba ya son a riƙa nuna shi ana cewa ɗan makaɗi. Ya fara maganar a kira 'yan gwangwan. Wanda ake ciyarwa kuwa bakinsa ba ya da ƙarfi, sai dai Baba Sule ya zo shagona ya zauna ya yi ta kallon ƙasa.

Sai ga soja sun koma bariki, farar hula sun dawo. Gari ya ɗauki hayaniya, ko'ina fosta, ko'ina walima. Wani sabon ciyaman, wanda ya taɓa jin kiɗan Baba Sule yana saurayi, ya aiko a zo a yi masa wasa a bikin da zai yi a wani fili wajen Ƙofar Nassarawa. Ɗanlami ya ce wa uban, "Baba, na yarda ka je. In aka ji kiɗan nan aka ci gaba da kiran ka, ganguna su zauna. In ba wanda ya neme ka, to ka haƙura, a fitar da su." Baba Sule ya amince, don ba shi da wani zaɓi.

Aka kawo mini su a akori-kura, duk ƙura da sakar gizo. Na warware su kaf, na jiƙa notina a kananzir, na goge tsatsa, na miƙe zoben da ya lanƙwashe da gudumar katako a hankali. Fatun roba na asali sun daɗe da mutuwa, don haka na sayo fatar akuya wajen majema, na jiƙa, na naɗe ta a zobe da bayan cokali. Kunnuwan ne suka tayar mini da hankali. Na ɗaga kowanne a rana, na ga 'yan tsage-tsage sirara kamar gashi. Na ce, "Baba, kunnuwan nan sun gaji. Za su kai mu, amma da lallami. Ni zan ɗaure, kada ka ƙara ko kaɗan." Ya ce, "Ji bawa yana kafa wa ubangidansa doka."

Ranar bikin aka wayi gari da ruwan farkon damina. Kafin hantsi ya ɗauke, amma iska ta yi laima, fatar akuya kuwa ba ta shiri da laima, sai ta saki. Ban damu ba, na san in rana ta buɗe za ta koma daidai da kanta. Muka kafa ganguna a ƙarƙashin rumfa, na ɗaure su iya yadda kunnuwan za su ɗauka, muka tafi sallar azahar ni da Baba Sule.

A filin akwai makaɗan gargajiya, jagoransu Sarkin Kiɗa Mamman. Su al'adarsu, in ganga ta sha sanyi sai a hura wutar kara a gasa ta har fata ta ɗaure. Sun gasa nasu, sai Mamman ya zo ya ƙwanƙwasa babbar gangar Baba Sule ya ji ta lukui. Ya ga bai kamata dattijo ya dawo ya tarar da kayansa a sake ba alhali ga wuta tana ci. Ya sa aka ɗauki babbar da ƙaramar aka jera a bakin wuta, ana juya su da ladabi.

Muna dawowa, tun daga nesa na ji wata ƙara, ƙas, can kuma ƙas. Na san ta, don haka na zubar da takalmina na sheƙa. Fata ta ja zobe, zobe ya ja noti, noti ya fizge kunnuwa. Ƙaramar na cece ta da 'yar ɓarna, amma babbar gefe guda duk ya tafi, gutsattsarin kunnuwa a cikin toka.

Na yi faɗa a ranar, faɗan da har yau in na tuna sai in ji zafinsa. Na ce, "Wa ya aike ku? Wa ya ce ku taɓa?"

Mamman ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ce, "Malam, wallahi girmama dattijo muka yi. Haka muka tashi muka ga ana yi wa ganga."

Na ce, "Taku igiya ce ke riƙe da ita, in fata ta ja sai igiya ta ba ta hanya. Wannan tsohon ƙarfe ne, ba ya ba da hanya, karyewa yake yi!"

Baba Sule ya ƙaraso bakin wutar. Ya durƙusa yana tsince gutsattsarin daga toka yana zubawa a aljihu. Can gefe na hango Ɗanlami jingine da motarsa yana kallo, a ɗaya gefen kuma wani mai fiyano da aka ɗauko yana jan wayar lasifika. Na ji kamar in yi kuka, kuma na rantse a raina ba za a tashi taron nan ba a ji gangar nan ba.

Mamman ne ya kawo dabarar, gaskiya sai a faɗe ta. Ya jawo tasa gangar, wadda ya ce ta ubansa ce, ya zauna ya warware igiyar fatar da ke jikinta tas. Ya ce, "Malam, ƙugiyoyin zoben nan ai suna nan. Mu ɗaure ta irin tamu." Ni mai ƙarfe, a ce in ɗaure gangar Ingila da igiya kamar kayan jaki! Na haɗiye girman kaina. Na cire notinan gefen da ya lalace, muka zura igiya daga ƙugiyar gaba zuwa ta baya, yana ja ina daidaita zobe, Baba Sule yana taka feda yana cewa a ƙara nan, a rage can. Mamman ya wuni a bikin nan ba ganga, sai tafi yake yi wa yaransa.

Baba Sule ya yi kiɗa. Hannun da ke rawa in zai ɗauki kofin shayi, da ya kama sanda sai ya tsaya cak. Ya fara da taken fareti, ya juya zuwa irin na kulob, wasu dattawa suka miƙe suna gyaɗa kai, makaɗan Mamman suka bi shi a baya. Amma ba zan yi muku ƙarya ba. Ciyaman ya iso a makare, ya ɗaga masa hannu daga nesa ya wuce. Aka tayar da janareto, mai fiyano ya fara kiran sunan ciyaman a lasifika, jama'a suka ɗunguma can. Aka bar mu da dattawan nan da kujeru. Ba wanda ya tambayi inda ake samun Baba Sule.

Muna haɗa kaya Ɗanlami ya ƙaraso. Ya ce, a hankali, "Baba, ka dai gani da idonka. Gobe zan turo a kwashe." Tsohon ya gyaɗa kai.

Na ce, "Alhaji, ba inda za a kwashe su. Kayan nan a hannuna suke. Aikina ne ya lalace a bainar jama'a, kuma a sana'armu ba a karɓar kaya daga hannun mai gyara sai ya ce ya gama. Kai kana karɓo riga wajen tela babu hannu ɗaya?"

Ya ce, "Malam Bukar, abin da za a narkar, gyaran me za a yi masa?"

Na ce, "In na gama ka narkar, naka ne. Amma ba za a ce daga hannun Bukar aka kai wa 'yan gwangwan karyayyen aiki ba."

Ya dube ni, ya dubi uban. Ɗakinsa dai ya samu. Ya ce, "To, in ka gama ka yi mini magana." Akori-kura ta juya ta nufi Koki.

Kunnen farko da na zuba ya ba ni wuya ba kaɗan ba. Na ɗauki lafiyayye guda na kwafi siffarsa da kakin zuma, na lulluɓe da yumɓu, na kai wa maƙeran fari muka narka tsofaffin kawunan famfo muka zuba. Na farko ya fito da rami, na biyu ya fito a karkace. Wanda ya yi kyau na bi shi da magagari, na huda shi, na yanka masa haƙori irin na Ingila, na sa noti da yatsa ya shige sumul. Duk kunnen da na ɗaura sai in cire igiyar wurin in aika wa Mamman abarsa. Kowane kunne kuma sai an gwada shi, mai gwaji kuwa ɗaya ne a Kano. Kullum bayan la'asar Baba Sule zai hau bas daga Kabuga, ya zo ya zauna a tsakiyar gangunansa a cikin shagona, ya yi ta bugawa har a kusa kiran magariba.

Unguwa ta ɗauka. Goni ya tsallako titi da carbinsa ya ce, "Bukar, gidan rawa ka buɗe mana a ƙofar gida?" Na ce, "Yaya, gwaji ake yi. Mai gyaran rediyo ma ai sai ya kunna." Na rage ƙarar da tsumma saboda masu karatu, amma ban hana tsoho zuwa ba, kuma ban ba kowa haƙuri ba.

Lokaci-lokaci Ɗanlami zai tsaya da mota ya sauke gilashi. "Malam Bukar, an gama?"

"Saura kunne ɗaya, Alhaji."

Sai ya ce Allah ya taimaka, ya ja motarsa. Kunnen kuwa tun damina ta farko na gama shi, na goge shi yana ƙyalli, yana ƙasan gwangwani a naɗe cikin tsumma. Aka yi wani zaɓen, aka sake fosta, ni dai amsata ba ta sake ba. Baba Sule da kansa bai taɓa tambayata ba. In ya zo sai ya shafa guntun igiyar da ya rage ya ce, "Babarbare malalaci," ya ɗauki sandunansa.

Da sanyin wata shekara ya kwanta, bai tashi ba. Muka kai shi, muka dawo. Bayan sadakar bakwai na buɗe shago, na fito da kunnen na ɗaura, na cire igiyar ƙarshe. Gangar ta tsaya cif, ba ta taɓa yin kyau irin na ranar ba, ni kuma ban taɓa jin baƙin cikin gama aiki irin na ranar ba. Amma magana na yi, dole in cika ta. Na tafi Kabuga na sami Ɗanlami a kan tabarmar zaman makoki.

Na ce, "Alhaji, an gama. Ka turo a kwashe."

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "Malam Bukar, ni fa ɗan kasuwa ne. Na san aikin da ya ƙi ƙarewa, na san wanda aka hana shi ƙarewa. Tun shekarar farko na gane. Amma duk ranar da Baba ya dawo daga wajenka sai ya cinye tuwonsa tas, har ya nemi ƙari." Ya share ido da bakin rigarsa. "Ka koma ka kwance kunnen nan. Duk wanda ya tambaye ka, ko da ni ne, ka ce saura ɗaya."

Na koma Koki, na kwance shi da yatsa, na mayar da shi cikin tsummansa.